Ingilishi a Zauren Liman

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanar da ɗan Adam magana, Ya kuma sanya bambancin harsuna cikin ayoyinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku iyaye maza da iyaye mata, tun daga watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa na Jamhuriyar Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, wata tambaya ta yawaita a majalisu da ƙofofin masallatai: shin wajibi ne ƴaƴanmu su dage ga koyon Ingilishi? Wani ya ce Faransancin da aka ɗora mana bai ishe mu ba, sai an ƙaro mana wani harshen Nasara? Wani kuma har ya fara neman makarantar kuɗi da za ta mayar masa da ɗa Bature cikin wata uku. Ni dai ɗalibi ne, fatawa tana hannun masu ita. Abin da zan kawo shi ne abin da na gani a gidan mahaifina, limamin unguwarmu a Maraɗi, da abin da na fahimta daga yaran da nake koya wa wannan harshe a zaurensa da dare.

Kada mu yi gaggawar zargin dattawan da suke ɗari-ɗari. Tsoronsu yana da asali. Harsunan Turawa ba a matsayin baƙi suka shigo ƙasar Hausa ba, tare da bindiga da haraji da aikin tilas suka zo. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 su suka ja layin da ya raba Katsina da Maraɗi, ya raba Daura da Damagaram, ya raba Sakkwato da Ƙonni, har ɗan wa ya tashi yana cewa "tebur" da "ashana", ɗan ƙane yana cewa "tabul" da "alimeti". Kuma tun kafin wannan, tarihi ya riƙe labarin Dorugu, yaron da aka haifa kusa da Kance a ƙasar Damagaram, aka kama shi bawa yana ƙarami, daga baya ya sami ƴanci ya bi matafiyin nan Bajamushe, Barth, har birnin Landan a 1855. Can ya koyi Ingilishi, kuma daga bakinsa wani ɗan mishan mai suna Schön ya rubuta labarai masu yawa na littafin Magana Hausa da aka buga a 1885. Dorugu ya yi wa harshenmu hidima babba, ya rasu a Kano a 1912, amma littattafan tarihi da sunan Kirista suke ambatonsa, James Henry. Dattijon da ya ga irin wannan, ko ya ji daga iyayensa cewa yaro ya tafi neman harshe ya dawo da wani suna, ba za a ce tsoronsa wauta ce ba.

Mahaifina, wanda mu ƴaƴansa muke kira Malam, cikin irin waɗannan dattawa yake. Da allo muka fara, sannan ya yarda muka shiga madarasa ta Larabci da Faransanci, irin wadda aka fara buɗewa a garin Sayi a 1957. Da na shiga kolej aka ba mu littafin Ingilishi, sai wani abokinsa, mai son a bar ni in koya, ya kawo masa hujja da maganar nan da ta shahara a bakunan mutane, cewa wanda ya san harshen wasu mutane ya tsira daga makircinsu, yana jingina ta ga Annabi (SAW). Malam ya ce masa: "Alhaji, ma'anar tana da kyau, amma malaman hadisi ba su san mata asali daga Manzon Allah ba. Kada mu gina halal a kan ƙarya alhali gaskiya tana nan." Ya kawo labarin Zaidu ɗan Sabit (RA), wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa Annabi (SAW) ya umarce shi ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa, kuma bai cika rabin wata ba ya iya. A wata ruwayar ta Imam Ahmad an ce ya koyi Suryananci cikin kwana 17.

Daga nan Malam ya yi bayanin da har yau nake tafiya a kansa. Ya ce malamai sun kasa ilimi gida biyu: akwai wanda ake nema don kansa, kamar tauhidi da fiƙihu da tafsiri, akwai kuma na kayan aiki, kamar nahawu da sarfu da lugga. Harshe kowane iri ƙwarya ce. Wanda ya zuba nono ya sha nono, wanda ya zuba giya ya sha giya. Sannan ya juyo gare ni ya ce: "Kai yaro, na yarda, amma da sharaɗi uku. Lokacin Alƙur'ani, bayan asuba da bayan magariba, ba a taɓa shi. Cikin gidan nan da Hausa za ka gai da uwarka, kuma a durƙushe. Na uku, duk abin da ka karanta cikin wannan littafi, ka zo ka faɗa mini ma'anarsa da Hausa. Abin da ka kasa faɗa mini, ba ka san shi ba."

Malam don tsaron tarbiyya ya gindaya sharaɗi na uku, yana so ya san abin da ke shiga kan ɗansa. Amma sai ya zamana shi ne darasin Ingilishi mafi amfani da na taɓa samu, daga mutumin da bai san harafi ɗaya na boko ba. Ai haka ake karatu a makarantun zaure tun zamanin kakanni: malami ya karanta jimla ta Larabci daga Ahalari ko Ishmawi ko Risala, ya fassara ta kalma-kalma, almajiri ya maimaita har ma'ana ta zauna. Kowane dare bayan isha'i nakan durƙusa gabansa da littafin English for the Sahel, in karanta, in fassara, shi kuwa ya yi ta tambaya: wace kalma ce mai aikin, wace ce aka yi aikin a kanta, ina alamar lokacin da ya wuce? Ranar da na gaya masa cewa a Ingilishi da kalma ɗaya, "you", ake kiran uba da ɗa da sarki da bara, namiji da mace, mutum ɗaya da taro, ya yi shiru, sannan ya ce: "To, harshen da za ka kira ubanka da akuyarka da lafazi ɗaya, sai ka tafi masa da ladabinka daga gida."

Abin da ya kamata mu tambayi kanmu shi ne: me ya sa yaro zai yi shekara 4 a kolej yana Ingilishi, ya ƙara 3 a lise, ya ci jarrabawa, amma in ya tsallaka Ɗan Isa ya shiga Jibiya aka miƙo masa takarda, sai ya yi ta zare ido? Ba ƙwaƙwalwa ce yaranmu suka rasa ba, domin yaron da ya haddace izu 60 ba za a ce masa daƙiƙi ba. Kuma ba na ɗora laifi a kan malaman lakwal. A ajinmu mun haura 70, littafi ɗaya mutum uku ko huɗu, awoyi kaɗan a mako. In mushe ya ce zai ba kowane yaro minti ɗaya ya yi magana, lokacin ya ƙare bai kai layin baya ba. Dole ya koma ga abin da zai yiwu: ya cika allo da ƙa'idoji, ya yi bayaninsu da Faransanci, mu kwafe, mu haddace jerin fi'ilai masu sauya kama, mu zuba su ranar jarrabawa. Ka ga yaro Bahaushe yana koyon baƙon harshe ta cikin wani baƙon harshen da shi ma bai gama zama a bakinsa ba. Wannan kamar a ce mutum ya koyi ninƙaya a kan tudu ne.

Alhali ɗan Musulmin wannan yanki yana da jari uku da ba a cika nuna masa ba. Na farko, tajwidi. Ingilishi yana da haruffa 26, amma sautukansa sun kai wajen 44, kuma cikin masu wahalar da mai Faransanci akwai biyun da ake rubutawa da "th". Wanda ya gyara makhrajin harafin ث da na ذ gaban malamin allo, ya san yadda ake sa kan harshe a gefen haƙoran gaba, to ya riga ya mallaki farkon "think" da farkon "this". Yaran da nake koyarwa, da zarar na ce musu "harafin sa mai ɗigo uku ne", an wuce wurin. Inda Bahaushe yake tuntuɓe shi ne rarrabe "p" da "f", domin namu sautin tsakaninsu yake, da kuma baƙaƙen da suke haɗuwa babu wasali, shi ya sa muka mayar da "bread" burodi. Waɗannan da kunne da maimaici ake gyara su, kamar yadda ake gyara ض da ظ.

Na biyu, Faransancin da muke kuka da shi. A 1066 Normandawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, harshensu ya zama na fada da shari'a shekaru ɗaruruwa, shi ya sa dubban kalmomin Ingilishi na mulki da ilimi da likitanci kusan rubutunsu ɗaya da na Faransanci. Sai dai a yi hattara da masu kama da juna da ba ma'anarsu ɗaya ba: "library" ɗakin karatu ne, "librairie" kuwa kantin sayar da littattafai. Har Larabci yana da nasa sawun a ciki, domin "sugar" da "cotton" ta hanyarsa suka shiga, "algebra" kuma daga sunan littafin Alkhawarizmi take. Na uku, Hausar kanta. Duk mai cewa direba, bokiti, benci, makaniki, asibiti, kotu, fasinja, ya riga ya ɗauki Ingilishi a baki bai sani ba. In aka fara wa yaro daga abin da ya sani, tsoro yakan fita daga zuciyarsa, tsoro kuwa shi ne rabin wahalar harshe.

Amfanin wannan karatu ya bayyana gare mu shekarar da idon Malam ya yi yana, aka ce sai an yi masa aiki, muka tafi wani asibiti a Kano. Mun yi zaton tunda ƙasar Hausa ce babu wata matsala. Lalle masu jinya Hausa suke yi, amma likitan da ya yi aikin ba ya jin ta, kuma duk takardun da Ingilishi suke, tun daga ta amincewa da aiki har ta sallama. Wanda aka sa ya yi mana tafinta yana sauri, layi ya yi tsawo, sai ya dunƙule bayanin ya ce a riƙa ɗiga magani kullum. Da na zauna na karanta takardar, sai na ga magungunan ɗigawa iri biyu ne, kowane da adadinsa, ɗaya ana rage shi mako-mako, ga ranar da aka ce lalle a dawo, ga kuma gargaɗi game da shigar ruwa cikin idon da sunkuyawa a kwanakin farko. Na koma na tambayi likitan da bakina yadda mai alwala da sujada zai yi, ya yi mini bayani dalla-dalla. Malam da kansa ya fitar da hukuncin sallarsa daga abin da ya sani na fiƙihun marar lafiya, ya yi ta a zaune da nuni har aka ba shi izini. Cikin ikon Allah ido ya buɗe, ya koma karatun Muhtasar. A ɗakin jiran nan na ga tsofaffi daga Tasawa da Madawa da Magarya riƙe da irin takardar, suna juya ta, babu mai karanta musu.

Wannan ba a asibiti kaɗai yake ba. Iyakarmu da Nijeriya ta kai wajen kilomita 1,500. Magunguna da yawa da ke shigowa kasuwanninmu daga Nijeriya da Indiya, bayaninsu da ranar lalacewarsu da Ingilishi suke. Ɗan kasuwar da yake saro kaya daga Dubai ko Sin ko tashar Tema ta Ghana, yakan sa hannu a takardar da wani ne ya faɗa masa abin da ke cikinta, alhali ayar bashi a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, a kan rubuta yarjejeniya da tsare haƙƙi ta sauka. Alhajin da ya zauna kusa da ɗan'uwansa na Malesiya ko Pakistan a Mina, sau da yawa in Larabci ya gaza, Ingilishi ne yake haɗa su. Ba mu kaɗai muka lura ba: Ruwanda ta mayar da karatun makarantunta zuwa Ingilishi a 2008, Gabon da Togo sun shiga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a 2022, Aljeriya kuma ta fara koyar da shi a firamare a wannan shekarar. Ta fuskar addini ma, miliyoyin mutane ta Ingilishi suke fara jin labarin Musulunci, na gaskiya da na ƙarya. Tun a 1930 Bature Musulmi Marmaduke Pickthall ya fitar da fassarar ma'anonin Alƙur'ani, kuma da yawanmu mun tashi muna kallon kaset na Shaihu Ahmad Deedat, wanda ya rasu a 2005. In ƴaƴan malamai suka ƙaurace wa wannan fage, wa zai tsaya a cikinsa?

Ga abin da na jarraba a zaure, kuma kowane gida zai iya. Na farko, kaɗan kullum ya fi mai yawa jefi-jefi. Kamar yadda ake rubuta wa ƙolo ƴan ayoyi a allo, ba a ƙara masa sai ya biya, haka nake ba yaro jimla biyar a dare, gobe ya kawo su kafin ƙari, ranar Laraba a yi tilawar na mako. Yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya. Na biyu, jimla ake haddacewa, ba kalma tsirara ba, kuma jimlar da yaro zai buƙata: gaisuwa, ciniki, tambayar hanya, bayanin ciwo. Na uku, kunne kafin ido. Rubutun Ingilishi ba ya bin furuci kamar Larabci mai wasali ko Hausar boko. Dubi "though" da "through" da "enough", ƙarshensu ɗaya a takarda, uku a baki. Mu a zamaninmu da rediyon Malam muka riƙa kama shirin Muryar Amurka na Ingilishi mai sauƙi, wanda aka fara a 1959, ana karanta labarai a hankali da kalmomi wajen 1,500. Yau wayar salula ta kawo irin wannan cikin aljihu. Na huɗu, a bar yaro ya yi magana ko da karyayye ne, kada a yi masa dariya. Wanda aka kunyata sau ɗaya gaban ƙannensa ya rufe baki ke nan. Na biyar, sharaɗin Malam: ya dawo ya faɗa wa uwarsa ko ubansa ma'anar da Hausa. Iyayen da ba su yi boko ba, wannan ƙofa taku ce.

Wajibi ne kuma in faɗi ɗaya gefen. Wayar da take kawo darasi ita take kawo ɓarna, kuma wanda ya ji Ingilishi ƙofofin duniya duka sun buɗe masa, na alheri da na sharri. Yaro ƙarami kada a bar shi da waya shi kaɗai cikin ɗaki da sunan karatu. A saukar da darasin, a saurara tare a tsakar gida. A kuma kiyayi wata cuta da ta fi wannan ɓoyuwa, wato raina kai. Na ga gidajen da ake tafa wa yaro in ya yi Ingilishi, a yi shiru in ya kai ƙarshen izu, har ya fahimci wanne ne mai daraja a idon iyayensa. Na ga saurayin da ya iya jimla goma ya fara gyatsine in kakarsa ta yi magana. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Tsarin da Malam ya bi da mu shi ne Alƙur'ani da Larabci a gaba, Hausa a gida da zuciya, sauran harsuna a hannu kamar fartanya.

Kada kuma a ware ƴaƴa mata. Uwa ce take ba jariri magani da tsakar dare, ita take duba kwalba. Mata da yawa suna jin nauyin faɗa wa tafinta namiji abin da ke damunsu, sai su rage bayani, likita ya yi aiki da rabin labari. In muna son likita mace da ungozoma mace daga cikinmu, to littattafan da za su zurfafa a cikinsu da yawa da wannan harshe aka rubuta su. A zauren Malam yanzu ƙanwata ce take zama da ƴan mata bayan la'asar, ni kuma da samari bayan isha'i, kuma in gaskiya za a faɗa, sun fi samarin riƙe darasi.

Ina kira ga ƙungiyarmu da kwamitocin masallatai su duba wannan al'amari. A kowace unguwa akwai malamin lakwal, ko ɗalibin jami'a, ko wanda ya yi zama a Kano ko Kumasi, da zai iya ba da awa biyu a mako saboda Allah. Abin da ake buƙata tabarma ce da allo da fitila, da dattijo guda da zai zauna kusa yana sa ido. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da takarda ta zo hannu a asibiti ko a kan iyaka, lokacin koyo ya wuce.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mu daga wanda ba ya amfani. Ya shirya mana zuriya, Ya sanya harsunansu su zama masu gaskiya da kowace luga suka yi magana. Ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.